Cikin da Aka Ce Ya Kwanta: Nazarin Ɓarin Wata Mata a Kano

Matar shekarunta 28, tela ce mai ɗinki a cikin gida a wata unguwa ta bayan gari a Kano. Tana da 'ya ɗaya 'yar shekara uku da ta haifa lafiya a asibiti, wannan kuwa shi ne cikinta na biyu. Mijinta ƙaramin shago gare shi a kasuwa. Gidan yawa suke zaune, sashensu daban, na uwar mijin daban, amma tsakar gida ɗaya. Na san lamarin ne ta wurin aikina na ungozoma a asibitin da aka kawo ta, kuma na sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta.

Da ta yi ɓatan wata ta aika kemis aka sayo mata tsinken gwaji, layi biyu suka fito. Laulayi ya zo mata irin na cikin fari: amai da safe, tsartar da yawu, ƙin warin girki. Awo kam ba ta fara ba, don a wurin matanmu da yawa awo sai ciki ya turo gaba, wata huɗu ko biyar. Wajen sati na tara laulayin ya ɗauke cak. Ta yi murna, ta koma kan kekenta, har ta karɓi ɗinkunan anko. A sati na goma ta bi 'yan uwa zuwa biki a wani ƙauye bayan Bichi, mota cike, hanya duk ramuka. A sati na 11 ta ga ɗigon jini baƙi-baƙi a jikinta, babu ciwon mara, babu komai.

Kemis ta fara zuwa, aka yi mata abin da ake kira allurar riƙe ciki. Jinin bai tsaya ba. Bayan kwana biyu mijin ya kai ta sikanin. Takardar da aka ba su ta nuna ɗan tayi ɗaya a cikin mahaifa, tsawonsa milimita 16, girman sati takwas ke nan, kuma zuciyarsa ba ta bugawa. Mai hoton ya ce su wuce asibiti.

Wannan sakamako ba na kokwanto ba ne. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, idan ɗan tayi ya kai milimita 7 aka duba da kyau ba a ga bugun zuciya ba, to ya riga ya mutu. Idan bai kai haka ba ne ake cewa a dawo bayan sati ɗaya a sake dubawa, don wataƙila lissafin watan ne ya goce. Nata ya ninka ma'aunin har da ɗoriya. Abin da ya same ta shi ne ɓarin da ba ya fita nan take: ɗan tayin ya daina girma, amma jiki bai sake shi ba, bakin mahaifa na rufe, gwajin fitsari ma yana iya ci gaba da nuna ciki. Ɗaukewar laulayin nan da ta yi wa murna mai yiwuwa ita ce alamar farko, ko da yake mata da yawa laulayinsu kan lafa a wannan tsakanin cikin kuma yana lafiya lau.

Ba su wuce asibitin ba, gida suka dawo.

Sati uku ana jiran ya tashi

Uwar mijin ta saurari bayanin ɗanta har ya gama, sannan ta ce, kamar yadda matar ta maimaita mini daga baya: "Ciki ne ya kwanta. Ni nan sai da cikin yayanka ya kwanta wata shida kafin ya tashi, ga shi nan da 'ya'yansa. Babu mai kai mini jika a wanke." Magana ta ƙare. Aka karɓo rubutu, aka dafa sassaƙe, aka hana ta hawa keke da ɗaukar ko da bokiti.

Bai kamata a yi saurin kiran tsohuwar nan jahila ba. Kwanciyar ciki tsohuwar magana ce a ƙasar Hausa, kuma tana da gindi har a fikihu. Malaman Malikiyya na da sun ce ciki na iya kaiwa shekara huɗu, wasu suka ce biyar, har ma kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Katsina ta yi la'akari da wannan a 2003 lokacin da ta soke hukuncin jifa da aka yanke wa wata mata. Amma a can abin da ake nufi shi ne a kare nasabar yaro, a kuma kau da haddi inda akwai shubuha. Ba a kafa maganar don a zaunar da mace mai mataccen ɗan tayi a ɗaka ba.

Abin da ya faru da uwar mijin a zamaninta kuwa ba shi da wuyar ganewa. Mace kan yi ƙaramin ɓari ta ɗauka al'ada ce ta zo da yawa, ko al'adarta ta ɗauke watanni saboda shayarwa ko rikicewar sinadaran jiki, sannan ta samu sabon ciki. Babu sikanin, babu gwaji, sai a haɗa lissafin tun daga ɓatan watan farko a ce ciki ya kwanta ya tashi. Yaron da aka haifa gaskiya ne, lissafin ne ya haɗe ciki biyu, ko ya ƙirga watannin da babu ciki. Ɗan tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya komawa bugawa, kuma babu allura ko jiƙo da ke tashinsa.

Shi kansa jiran ba laifi ba ne. Da sun zo asibiti tun farko, hanya uku za a shimfiɗa mata. Ko dai ta jira sati ɗaya zuwa biyu jiki ya fitar da kansa, ko a ba ta maganin misoprostol (wani lokaci a fara da mifepristone) ya tayar da mahaifa ta turo abin da ke ciki, ko a yi wankin ciki. Duka ukun karɓaɓɓu ne, kuma macen ce ke zaɓa bayan an yi mata bayani. Bambancin jiran asibiti da wanda aka sa ta yi shi ne, a asibiti za a auna jininta tukuna a ga ko tana da ƙarfin jurewa, a gaya mata abin da zai fito da yadda zai fito, a gaya mata alamomin da idan ta gani ba ta kwana a gida: jinin da ke jiƙa audugar mata biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, jiri ko suma, zazzaɓi, ruwa mai wari, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara. Ita kuwa an zaunar da ita tana jiran motsi, ba ta jiran jini. Ko leda da tsumma ba a tanada ba, balle a san motar wa za a nema.

Daren da jini ya ɓalle

Sati uku bayan sikanin, wajen ƙarfe ɗaya na dare, mara ta murɗa mata kamar naƙuda. Ta shiga banɗaki, gudaje suka fara zuba. Kafin mijin ya buga wa maƙwabci mai mota ƙofa ta jiƙa zani biyu, da ta miƙe kuma sai ta zube. Da suka iso wurinmu tafin hannunta da cikin idonta fari fat, jikinta sanyi ƙalau, bugun jijiyarta na gudu. Awon jini ya nuna kashi 21 cikin ɗari, alhali mace mai lafiya kan haura 36. Likita ya duba ya tarar bakin mahaifa a buɗe, wani ɓangare ya fita, saura ya maƙale. Muddin saura na ciki mahaifa ba za ta tsuke ta toshe jijiyoyin da suka buɗe ba, shi ya sa jinin ya ƙi tsayawa.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka yi allurar kashe zafi, aka yi wankin ciki da sirinjin roba mai zuƙowa da ake kira MVA. Aikin bai wuce minti 15 ba, jinin ya tsaya. Ƙanen mijin ya ba da leda ɗaya ta jini. An duba rukunin jininta ko mai buƙatar allurar anti-D ce, wadda ake yi wa mace mai rukunin negetif don kare cikin gaba, aka ga ba ta buƙata.

Tsoron wankin ciki da ke zukatan mata shi ma ba daga sama ya faɗo ba. A da da ƙarfe ake kankare mahaifa, kuma idan aka yi ta maimaitawa, ko hannu bai ƙware ba, yana iya barin tabo da ke hana al'ada da haihuwa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar kankara a koma zuƙowa ko magani. Da an yi wa uwar mijin wannan bayanin a ranar sikanin, da wataƙila ta sassauta. Babu wanda ya yi mata, don ba ta je ba, ɗan nata kuma ba zai iya ja da ita ba.

Kwana biyu aka sallame ta da maganin ƙarin jini da na kashe ƙwayoyin cuta, aka ce ta dawo bayan sati biyu. A takardar asibiti lamarin ya ƙare a nan.

Abin da takarda ba ta ɗauka ba

Ba ta dawo a sati biyun ba. Sai bayan kusan wata ɗaya da rabi ta zo, ita ma ba don ɓarin ba, wai ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci. Ta rame. Ta ce ta mayar wa mutane da yadinsu don ba ta iya zama kan keke. Faccalarta ta haihu a cikin gidan, ranar suna ta kulle kanta a ɗaki, aka yi ta ƙananan maganganu wai hassada ce. Ta ce duk sanda ta shiga banɗakin nan sai ta ga daren yana dawo mata, har ta koma shiga na sashen uwar mijin.

Na tambaye ta abin da mutane suka ce mata da ta koma gida. Masu kirki sun ce "Allah ya kawo rayayye," "Allah ya sa mai ceto ne." Wasu suka ce "ai jini ne kawai, ke da kike da ƙuruciya." Wata gwaggo ta kawo zancen sammu, wata ta ce namijin dare ne, a nemi mai ruƙiyya. Uwar mijin kuwa ba ta ɗaga murya ba, sau ɗaya ta faɗa a tsakar gida, ba ma da ita take ba: "Mai ƙaramin ciki ina ita ina hanyar ƙauye." Wannan ce ta zauna mata.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya. Zuwa bikin nan ne ko?"

Na ce ta ba ni takardar sikanin. Tana cikin jakarta a ninke huɗu, har ta fara yagewa a ninkin. Na ɗauko kalanda, ta nuna mini ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, muka ƙirga sati takwas da yatsa, na sa alama. Na ce ta nuna mini ranar bikin. Ta nuna, sati biyu a gaba da alamar. Na ce, "Ƙanwata, girmansa a nan ya tsaya. Ranar da kika shiga motar nan ya riga ya daina girma, ke dai ba ki sani ba." Ta sake ƙirgawa da kanta, sannan ta kifa kai a kan tebur ta yi kukan da ta ce ba ta yi ba tun ranar.

Ko da lissafin bai fito haka ba, amsar ba za ta canza ba. Hawa mota, ɗinki, wanki, ɗaukar bokiti, firgita, faɗa da faccala, kwanciyar aure, babu ɗaya da aka tabbatar yana zubar da lafiyayyen ciki a watannin farko. Kusan rabin irin wannan ɓari daga kuromosom yake, wato zaren gado 46 da ɗan tayi ke karɓa, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wani lokaci wurin rabon sai ɗaya ya ƙaru ko ya ragu, tun ranar da cikin ya shiga. Da yake tela ce, na ce mata kamar yadin da aka yanka ba daidai ba tun a kan tebur ne, duk iya ɗinkin mutum rigar ba za ta zauna ba. Ba gado ba ne a mafi yawan lokuta, kuskure ne na wannan karon, kuma yana ƙaruwa da shekarun mace, musamman bayan 35. Sauran dalilan da muke nema a nan su ne zazzaɓin cizon sauro mai zafi, ciwon suga da ba a kula da shi ba, matsalar maƙoƙo, tunjere, da ƙari ko wata tawaya a mahaifa. Mun gwada sugarta da jininta, ba a ga komai ba. Bayan ɓari ɗaya ba a wuce nan, zurfafa bincike sai an yi biyu ko uku a jere.

Ta ɗauka ita kaɗai ce a danginsu. Na ce ta tambayi mahaifiyarta. Mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta a 2021 cewa ana ɓari miliyan 23 a duniya kowace shekara, kimanin kashi 15 cikin ɗari na cikin da aka san da shi, kuma mafi yawa a wata ukun farko. A gidajenmu kunya ke sa a ɓoye ƙaramin ciki, to idan ya zube ma a ɓoye yake zubewa, babu zaman makoki, babu masu zuwa gaisuwa. Da ta tambaya, ashe mahaifiyarta ta yi biyu, yayarta ɗaya.

Halin da ta shiga shi ma sananne ne. Wani bincike da aka yi a asibitocin Landan, wanda masana na Kwalejin Imperial suka fitar a 2020, ya gano cewa wata ɗaya bayan zubewar ƙaramin ciki kashi 29 cikin ɗari na matan na da alamomin firgicin da kan biyo bayan mummunan abu, bayan wata tara kuma kashi 18 na nan da su. Matan Ingila ke nan, da ba su da uwar miji a tsakar gida. Dawowar daren a idonta da gudun banɗakin irin waɗannan alamomi ne. Na tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta, ta ce a'a. Da ta ce e, ko kuma abin ya ƙi sauƙi, sashen likitocin ƙwaƙwalwa za a tura ta, kuma na gaya mata hakan ba ya nufin hauka.

Akwai kuma damuwar salla, wadda ma'aikatan lafiya ba mu cika tambaya ba. Jinin ya bi ta kwana goma sha wani abu, ba ta san ko biƙi ba ne ko jinin ciwo, wasu ranakun ta yi salla wasu ta bari, tana ganin ta tara wa kanta zunubi a kan rashi. Fatawa ba hurumina ba ce, malamar Islamiyyarsu na tura ta. Abin da aka sani shi ne malamai sun saɓa: a Malikiyya idan abin da ya fito gudan jini ne dunƙulalle da ba ya narkewa in an zuba masa ruwan zafi, jinin da ya biyo baya biƙi ne, wasu mazhabobin kuwa sai halittar mutum ta bayyana. Malamar ta warware mata, ta kuma karanta mata hadisin da Ibnu Majah ya ruwaito cewa ɗan ɓari zai ja mahaifiyarsa da cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta nemi lada da haƙurinta. Ta ce wannan ne karon farko da wani ya yi mata magana kamar ɗa ta rasa.

Mijin

Ƙorafinta a kansa shi ne shiru. Ya biya kuɗin asibiti, yana sayo hanta da kayan marmari, amma ko sau ɗaya bai ɗauko zancen ba, ya kuma ƙaurace mata a shimfiɗa. Ita ta fassara shirun da cewa ya bi bayan mahaifiyarsa. Na ce ta zo da shi. Ya zo yana ta duba agogo. Da likita ya keɓe da shi, sai ga tambayarsa: ya kusance ta kwana biyu kafin ta ga ɗigon jinin, ko shi ne sanadi? Wata biyu yana ɗauke da wannan, ga kuma na biye wa mahaifiyarsa har matarsa ta kusa mutuwa a hannunsa. Aka nuna masa kalandar nan shi ma.

A zaman ne ta ji abin da ba ta sani ba. Ta daɗe tana tunanin an kora abin da ya fita daga jikinta a masai. Ashe da ya dawo gida ɗaukar mata kaya da asuba, ya tattara gudan da ya gani, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne. Bai faɗa mata ba don kada ya fama mata ciwo. Ta dube shi ta ce, "Malam, ai da ka gaya mini."

Game da sake ɗaukar ciki, an gaya musu cewa ƙwai na iya sauka tun sati biyu bayan ɓari, al'ada kuma kan dawo cikin sati huɗu zuwa shida. Tsohuwar shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira wata shida, amma binciken baya-bayan nan bai nuna illa ga wadda ta samu kafin haka ba. Ita dai abin da ya sa likita ya ce ta ɗan saurara shi ne jininta, sai ya cika tukuna. Bayan ɓari ɗaya, wajen mata takwas cikin goma cikinsu na gaba kan tsaya. Ta zaɓi ƙwayar tazara ta wata uku, tana shan maganin ƙarin jini da folik asid.

A zuwanta na ƙarshe, wata na biyar bayan ɓarin, jininta ya koma 35, tana barci, ta karɓi ɗinkin salla. Ta je ta ɗauki jaririn faccalarta. Banɗakin ne har yanzu ba ta shiga da dare sai mijin ya tsaya mata a bakin ƙofa. Uwar mijin ba ta sauka daga ra'ayinta ba, tana nan a kan cewa da an ƙara haƙuri da cikin ya tashi, ta kuma fara tambayar me ake jira. An rubuta wa matar a katinta cewa da zarar ta yi ɓatan wata ta zo, a yi sikanin a sati na bakwai, ta kwana cikin gidan sauro, duk zazzaɓi a gwada kafin a sha magani. Idan ta ga jini kuma asibiti za ta nufa ba kemis ba, domin mace mai tarihin ɓari da ke zubar jini, in sikanin ya tabbatar cikin yana cikin mahaifa, tana cikin waɗanda likita kan ba maganin matsi na furojestaron, sinadarin da ke taimaka wa ciki ya zauna. Mijin ya ajiye lambar maƙwabcin mai mota da ta ɗakin haihuwa a wayarsa.